Ɗakunan karatun Carnegie: Abin da aka sassaƙa a bango da abin da aka bari a takarda

Tsakanin 1883 da 1929 an gina ɗakunan karatu 2,509 a sassan duniya da kuɗin mutum ɗaya, Andrew Carnegie, attajirin ƙarafa na Amurka. Guda 1,689 suna Amurka, 660 a Birtaniya da Ailan, 125 a Kanada, sauran kuma sun warwatsu har Afirka ta Kudu da tsibiran Mauritius da Seychelles. Ba a gina ko ɗaya a Najeriya ba, amma kuɗin gidauniyarsa ya iso Legas da Ibadan, daga baya kuma ya iso Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda 'ya'yan Funtuwa, Bakori, Ɗanja da Malumfashi suka daɗe suna neman ilimi.

Da yawa daga cikin waɗannan gine-gine suna ɗauke da sassaƙa a fuskarsu: rana mai fitowa, sunayen marubuta, tambarin gari, ko gajeren rubutu a saman ƙofa. Sassaƙar tana faɗin abin da mai kyauta da shugabannin gari suke so a tuna. Abin da ya raya ɗakunan kuwa, ko ya kashe wasunsu, yana cikin wata yarjejeniya da ba a taɓa rubuta ta a jikin dutse ba.

Ɗan masaƙi da ya zama sarkin ƙarfe

An haifi Carnegie ranar 25 ga Nuwamba 1835 a Dunfermline, wani garin masaƙa a Sikotlan. Mahaifinsa, William, saƙar hannu yake yi. Da injinan saƙa suka kashe masa kasuwa, sai ya kwashe iyalinsa zuwa Amurka a 1848, suka sauka a Allegheny, daura da birnin Pittsburgh. Aikin farko da yaron ya samu shi ne canza kwarkwaron zare a masaƙar auduga, ana biyan sa dala 1.20 a mako. Daga nan ya zama ɗan aiken ofishin tangaraho, sannan ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania a 1853.

A waɗannan shekaru wani mutum mai suna Kanar James Anderson yakan buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa kimanin 400 duk ranar Asabar, kowa ya ari ɗaya ya tafi da shi gida. Carnegie yana cikinsu, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana jingina iliminsa ga wannan aro. A 1904 ya sa aka kafa wa Anderson abin tunawa a Allegheny: mutum-mutumin tagulla na wani maƙeri, ba riga a jikinsa, zaune a kan uwar maƙera yana karanta littafi.

Masana'antarsa ta narkar da ƙarfe ta Braddock ta fara aiki a 1875. Ya zuwa 1901, lokacin da ya sayar wa J.P. Morgan kamfaninsa a kan dala miliyan 480, yana cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a duniya. Tun a 1889 ya wallafa wata maƙala a kan dukiya, inda ya ce wajibi ne attajiri ya rarraba rarar arzikinsa da hannunsa kafin ya mutu, kuma abin kunya ne mutum ya bar duniya yana rungume da ita. Ya fifita gina abin da mutum zai taimaki kansa da shi a kan raba sadakar kuɗi. Kafin rasuwarsa ranar 11 ga Agusta 1919 ya ba da kimanin dala miliyan 350.

Abin da ke jikin dutse

Ɗakin karatu na farko a garin haihuwarsa aka gina shi, a kan fam 8,000. Mahaifiyarsa, Margaret, ita ta aza harsashinsa a 1881, aka buɗe shi ranar 29 ga Agusta 1883. A ƙofar shiga an sassaƙa rana mai watsa haske, tare da wata gajeriyar jimla daga farkon Baibul wadda ke magana a kan halittar haske. Carnegie da kansa ya nuna sha'awar a riƙa sa wannan alama a ɗakunan da ya gina. Ma'anarta a fili take: jahilci duhu ne, littafi kuwa asuba.

Edinburgh, babban birnin Sikotlan, sau biyu mutanensa suna ƙin amincewa da dokar da za ta sa a ɗora musu haraji domin ɗakin karatu. Sai da Carnegie ya ba da fam 50,000 sannan aka gina babban laburaren birnin, wanda George Washington Browne ya tsara, aka buɗe shi a 1890. Jimlar hasken nan tana saman ƙofarsa. A fuskar ginin kuma an sassaƙa tambarin birnin, da na Sikotlan, da na gidan sarautar Birtaniya, tare da wasu ƙananan alluna tara na tunawa da masu ɗab'in littattafai. Tambarin gari a jikin bango yana shaida cewa ginin na mutanen gari ne, ko da kuɗin wani aka gina shi.

A Pittsburgh, inda ya tara dukiyarsa, an buɗe babban ɗakin karatu a Nuwamba 1895. Kalmomi huɗu na Turanci ne a saman ƙofarsa, suna shelar cewa wurin kyauta ne ga jama'a. A wancan zamani wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ɗakunan karatu da yawa sai wanda ya biya kuɗin rajista ke shiga. A ƙarƙashin rufin an jera sunayen marubuta irin su Homer, Shakespeare, Milton da Dickens. Duk maza ne, duk kuma daga Turai ko Amurka. Jerin sunayen ya nuna wa yaron da ke hawa matakala waɗanda ake ɗauka a matsayin masu ilimi, ya kuma nuna masa, ta hanyar shiru, waɗanda ba a lissafa ba.

Carnegie bai sharɗanta a sa sunansa a gini ba, kuma ɗakuna da yawa ba su ɗauke da shi. Galibi majalisun gari ne suka zaɓi su sassaƙa sunan, don godiya ko don alfahari.

Sharaɗin da ba a sassaƙa ba

Carnegie gini kawai yake bayarwa. A mafi yawan lokuta ba ya sayen littattafai, ba ya biyan albashi. Garin da ke neman kyautarsa sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya nuna yana da bukata, ya samar da fili, ya buɗe ɗakin ga kowa ba tare da biyan kuɗi ba, sannan majalisarsa ta ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara, daga haraji, wajen littattafai da ma'aikata da gyara. Garin da ya karɓi dala 10,000 ya ɗaura wa kansa dala 1,000 duk shekara, ba ranar yankewa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Wannan sharaɗi ne ya mayar da kyautar mutum ɗaya ta zama aikin hukuma. Pittsburgh kanta ba ta iya karɓar tayin farko da ya yi mata a 1881 ba, saboda dokar jihar ba ta ba ta ikon kashe haraji a kan ɗakin karatu ba, sai da aka gyara dokar.

Ado kuwa shi ya fara cinye kuɗin. Garuruwa da dama sun zuba rabonsu a ƙubba da ginshiƙai da faffaɗan zaure, wurin ajiye littattafai ya ƙuntata. Sakataren Carnegie, James Bertram, wanda duk takardun nema ke bi ta hannunsa, ya fara neman a aiko masa da zanen gini kafin a saki kuɗi, a 1911 kuma ya fitar da ƙasidar da ke gargaɗi a kan ƙawa marar amfani. Shi ya sa ɗakunan da aka gina daga baya suka fi na farko sauƙin fuska. A 1915 gidauniyar ta tura masanin tattalin arziki Alvin Johnson ya zagaya ɗakuna kusan 100. Ya tarar da gine-gine masu kyau da ba su da ƙwararrun ma'aikata. Ga shi kuma wasu garuruwan sun saɓa alkawarin kashi 10. A 1917 aka daina ba da sabbin kuɗin gini, hankalin gidauniyar ya koma kan horar da ma'aikatan laburare.

Abin da bangon ya yi shiru a kansa

Dukiyar da ta gina ɗakunan daga masana'antu ta fito, inda ma'aikata da yawa ke yin awa 12 a gaban wuta. A 1892 rikici ya ɓarke a masana'antar Homestead a kan rage albashi. Carnegie yana Sikotlan, ya bar ragama a hannun abokin kasuwancinsa, Henry Clay Frick, wanda ya rufe masana'antar ya ɗauko 'yan bindigar haya kimanin 300 na kamfanin Pinkerton. Ranar 6 ga Yuli aka gwabza a bakin kogin Monongahela, aƙalla mutum goma suka mutu. Gwamnan jihar ya turo dubban dakaru, zuwa Nuwamba an murƙushe yajin aikin, ƙungiyar ƙwadagon kuma ba ta sake tashi a wurin ba na tsawon shekaru da dama. Shekara shida bayan haka, a 1898, Carnegie ya buɗe wa Homestead katafaren ɗakin karatu.

'Yan ƙwadago ba su manta ba. Hujjarsu ita ce, wanda ya kwana a bakin tanderu ba shi da idon karatu, kuma da ƙarin albashi aka ba shi, da shi zai zaɓi littafin da zai saya. A 1904 masu zaɓe a Wheeling, cikin jihar West Virginia, sun ƙi amincewa da tayin ɗakin karatunsa bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi gangamin adawa.

Kalmar "jama'a" ma ba kowa ta haɗa ba. A kudancin Amurka, inda dokar wariyar launin fata ke aiki, an hana baƙaƙen fata shiga ɗakuna da yawa, sai dai aka gina musu nasu daban a birane irin su Louisville, Houston da Savannah. Na Afirka ta Kudu kuwa fararen fata suka amfana da su.

Yadda kuɗin ya iso Najeriya

A 1911 Carnegie ya kafa gidauniyarsa mafi girma a New York, aka ware wani kaso nata domin ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya. Daga wannan kaso ne aka ba da dala 6,000 aka buɗe Laburaren Legas a 1932, bisa ƙoƙarin wani jami'in mulkin mallaka, Alan Burns. Sai dai na masu biyan kuɗin rajista ne, saboda haka Turawa suka fi yawa a cikin masu amfani da shi.

A 1939 Margaret Wrong da Hanns Vischer suka rubuta wa gidauniyar rahoto a kan bukatar ɗakunan karatu a Afirka ta Yamma. Vischer shi ne Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a Kano a 1909, gidansa mai zayyana kuma yana nan har yau da sunan Gidan Ɗan Hausa. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin En'e suka buɗe ƙananan ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, inda ake karanta labarin yaƙi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1952 kuma aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna. Bayan binciken Harold Lancour na 1957, kuɗin Carnegie ne ya buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare a Ibadan a 1960. A shekarun 2000 gidauniyar ta tallafa wa jami'o'in Zariya, Jos da Ile-Ife, har da aikin mayar da kundin littattafansu cikin kwamfuta. Babban ɗakin karatun Jami'ar Ahmadu Bello sunan Sa Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa, yake ɗauke da shi, kuma ɗalibin da ya nemi littafi a na'ura a cikinsa ba lallai ya san akwai kuɗin ɗan masaƙin Dunfermline a aikin ba.

Fas, Zariya da Dandaji

Rubuta sunan mai kyauta a ƙofar ɗakin karatu ya girmi Carnegie da ɗaruruwan shekaru. A masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, Sarki Abu Inan ya kafa taskar littattafai a 1349, rubutun kafuwarta da aka sassaƙa a katako yana saman ƙofarta har yanzu. Tsarin da ya riƙe ta shi ne waƙafi: a tsayar da kadara, amfaninta ya riƙa ciyar da aikin. Ibn Khaldun da kansa ya yi waƙafin kwafin littafinsa na tarihi a can. A ƙarshen ƙarni na 16 Sarki Ahmad al-Mansur ya gina wa masallacin sabon ɗakin karatu. Shi ne kuma sarkin da rundunarsa ta rushe daular Songhai a 1591, aka kwashe malaman Tumbutu zuwa Marrakesh, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda ya yi asarar littattafai kimanin 1,600. Hannun da ya gina taska a Fas shi ya wawashe wata a Tumbutu.

Ƙasar Hausa ma tana da nata yaren bango. Zayyana ado ce da magini ke fitarwa a jikin ɗanyen yaɓe, ya tayar da wani wuri ya kwantar da wani, a fuskar zaure ko a cikin soro, a ƙarƙashin zankwaye. Ƙwararren da aka fi ambata shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Saboda ƙyamar surar mai rai, zayyana ta karkata ga dagi da sarƙa da alkalami da takobi. A ƙarni na 20 fatake da 'yan kasuwar Zariya, Kano da Damagaram suka ƙara da keke da mota da jirgin sama, aka kuma koma yi da siminti. Kamar tambarin Edinburgh, zayyana tana faɗa wa mai wucewa wane ne mai gidan da kuma abin da yake taƙama da shi.

Inda zayyana da ɗakin karatu suka haɗu a zamaninmu shi ne Dandaji, wani ƙauyen Hausawa mai mutum kimanin 3,000 a jihar Tawa ta Nijar. Tsohon masallacin garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Da masallacin ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, sai masu tsara gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, suka kawo shawarar kada a rushe shi. Aka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa a gefensa, aka kira maginan gargajiya suka gyara tsohon, aka zuba masa kantocin littattafai. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. A Dandaji ba a sassaƙa ado don ɗakin karatu ba. Ɗakin karatu ne ya ceci adon.

Abin da ya shafi Funtuwa da Malumfashi

Kudancin Katsina ƙasar auduga ce, sana'ar da Carnegie ya fara cin abinci da ita. Maska ta yi suna da saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa. Kamfanin auduga na Birtaniya ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har yau akwai unguwar BCGA a Funtuwa, layin dogo kuma ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920. Auduga da masara da dawa da sufuri sun yi attajirai a yankin, kuma al'adar kyauta ba baƙuwa ba ce: masallatai, makarantun Islamiyya, rijiyoyin burtsatse, kujerun Makka. Sunan mai alheri kuwa a bakin mawaƙi aka fi adana shi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa, ya dawwamar da sunayen mutanen da ko allo ba a kafa musu ba.

Allon da ya yawaita yanzu shi ne na ayyukan mazaɓu, mai ɗauke da hoton ɗan majalisa da kalmar "ya samar", alhali kuɗin na baitulmali ne. Tun 2019 hukumar ICPC take bin sawun irin waɗannan ayyuka, ta kuma sha gano waɗanda aka yi watsi da su. A yankin da matsalar tsaro ta sha rufe makarantu, musamman bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, wurin da matashi zai zauna ya yi karatu da fitila ba kayan ƙawa ba ne.

Tarihin Carnegie ya bar wa masu bibiyar al'amuran jama'a tambayoyi da za su iya yi duk ranar da aka aza harsashin ɗakin karatu, ko cibiyar kwamfuta, da sunan wani. Wa ya mallaki filin da takardarsa? Wa zai biya albashi da wuta da sabbin littattafai bayan bikin buɗewa, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta hakan? A ma'aunin Carnegie, ginin naira miliyan 100 yana bukatar miliyan 10 kowace shekara. Hukumar ɗakunan karatu ta jiha ce za ta ɗauka, ko ƙaramar hukuma, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ta kasonta kai tsaye? Ko mai kyautar zai tsayar da shaguna ko gona a matsayin waƙafi? Wa zai iya shiga: mata, almajirai, masu lalura? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman amsa a rubuce daga hukuma.

Akwai kuma tambayar abin da za a rubuta a bango. Ƙasar Katsina ba ta rasa sunaye ba: Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, malaman 'Yandoto, Abubakar Imam, wanda ya koyar a Katsina, Yusufu Bala Usman na Musawa. Jerin da ya tsallake Nana Asma'u zai maimaita kuskuren Pittsburgh.

Magina sun san cewa zayyana, komai kyanta, ruwan damina na cin ta. Gidan ƙasa da ba a yi wa yaɓe da gyaran indararo ba, zankwayensa ke fara zubewa, sannan adon, sannan bangon. Ɗakin karatun Dunfermline ya haura shekara 140 yana aiki, an ma faɗaɗa shi a 2017, domin an samu waɗanda suka ci gaba da biyan kuɗin yaɓensa kowace shekara.